Raɗaɗin Hannun Tela

Wata huɗu bayan shanyewar ɓarin jiki, tela ya fara takawa da sanda, ana ta yi masa barka. Sai raɗaɗi ya sauka a hannunsa na hagu, daga kafaɗa har yatsu, kamar an cusa garwashi a ƙarƙashin fata. Ko hannun riga ya goge shi sai ya yi ƙara.

Zama ya gagare shi. Ya hau kujera, ya sauka, ya leƙa ƙofar gida, ya dawo. Matarsa ta gasa masa hannun da ruwan zafi, abin ya ƙaru.

"Maigida, ka zauna mana," in ji ta. "Sai zarya kake kamar kaza za ta yi ƙwai."

"In na zauna ya fi cina."

Ƙaninsa ya kawo man shafawa, ya ce wannan sha yanzu magani yanzu ne.

"Shan sa zan yi ke nan?" in ji tela, ya ture kwalbar.

Babbar 'yarsa ce ta matsa suka koma asibiti. Likita ta shafa masa auduga a bayan hannu, ya zabura.

"Baba, hannun ba shi da rauni," in ji likitar. "Wurin da ciwon ya taɓa a ƙwaƙwalwa ne yake aiko da zafin. Shi ya sa maganin ciwon jiki bai yi maka komai ba."

Ta rubuta wani magani, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, ta haɗa shi da mai koyar da motsa jiki. Ta ce sai an yi makonni.

"Makonni?" Ya riga ya miƙe tsaye.

Kwana goma jiri yana ɗibarsa, raɗaɗin na nan daram. Ya rantse ya daina shan maganin.

"Baba, bari mu tambaya tukuna," in ji 'yar. Ta kira likitar, aka rage masa.

A mako na shida zafin bai tafi ba, amma ya lafa har yana iya sa riga. Ya sa aka buɗe masa shago. Ya ɗora hannun a kan tebur ya danne yadi, ya taka keken ɗinki da ƙafar dama. Minti ashirin ya yi, ya tashi ya zagaya, ya dawo. Ɗinkin ya karkace. Ya yi tsaki, ya jawo reza ya fara farkewa.