Takardar da Ta Fi Tsabta

Tela yana cikin warware hannun wata riga da ya ɗinka a baibai matarsa ta leƙo shagon. Ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta ce, "Ka tashi ka je makarantar nan. Tun jiya yarinyar nan ba ta sa komai a bakinta ba."

Bai ɗago ba. "In na je in ce musu me? Ni lissafin na sani?"

"Ka ce musu kai ne ubanta. Wannan dai ai ka iya."

Maganar Auta ce, 'yarsu ta ƙarshe. An raba 'yan ajinsu, waɗanda suka kai makin da ake so a lissafi sun wuce zuwa ajin kimiyya, ita kuwa maki biyu suka hana ta. Yarinyar da tun tana ƙarama take naɗe wa 'yar tsana ƙafa da ƙyallen shagonsa tana cewa ita likita ce. Ƙawayenta har gida suke biyo ta ta koya musu lissafin, ga shi duk sun shige sun bar ta a waje.

Ya kakkaɓe zaren da ya maƙale masa a wando, ya ja ƙofar shago. A bas bai sami wurin zama ba, haka ya tafi a tsaye, ƙugunsa na sara masa duk inda motar ta faɗa rami. Ya gaji, kuma bai ma san abin da zai je ya roƙa ba.

A ofishin malamai fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma kamar dole aka yi mata. Aka nuna masa malamar lissafi a can kusurwa, wata mata mai tabarau, ta zare takalmanta a ƙarƙashin tebur, takardun jarrabawa sun kusa rufe ta. Ya gaishe ta, ya faɗi 'yar da ya zo dominta.

"Zauna, Malam," in ji ta. "Tun safe iyaye ke zuwa, kuma kowa ɗansa ya fi kowa ƙwaƙwalwa. Amma kai kam gaskiyarka ce, taka ta fi su."

Ta tona cikin tarin, ta zaro takardar ta shimfiɗa a gabansa. Duk da abin da ya kawo shi, sai da ya ji daɗi ya ratsa shi. Takarda fes, kamar an yi mata guga. Lambobi a jere, babu kuskuren da aka soke, babu dattin yatsa.

"Ta yi kyau ko?" Malama ta ce. "Kyan ne ya kayar da ita. Duba, tambaya ga ta, amsa ga ta. Ina hanyar da ta bi ta kai ga amsar?"

Tela ya sake duba takardar, tsakanin tambaya da amsa babu komai sai fili.

"Mu a lissafi ba amsa kaɗai muke ba wa maki ba. Kowane mataki da nasa. Yaro zai iya tuntuɓe a layin ƙarshe ya tashi da huɗu cikin biyar, muddin na ga inda ya bi." Ta jawo wata takarda ta ajiye kusa da ta Auta. Wannan kam kamar kaza ta yi tono a kanta, nan an soke, can an ja kibiya, ga tawada ta zuba a gefe. "Wannan yaron amsarsa ba daidai ba ce, irin tata. Yana ajin kimiyya yanzu."

Ta miƙe ba takalmi, ta ɗauki takardar Auta ta je bakin taga ta ɗaga ta sama. "Zo ka gani."

Ya matso. Da haske ya ratsa takardar sai ga sawun fensir ya fito, layi bayan layi, ƙanana, an goge su tas amma bakin fensirin ya bar shaida a jikin takarda.

"Duk aikin yana nan, kuma daidai yake," in ji Malama, tana bin sa da bayan jan bironta. "Nan wajen kwafe amsa ta manta alamar ɗebewa. Nan kuma talatin da biyu ta samu, hannunta ya rubuta ashirin da uku. Gaggawa ce kawai, kowa na yi. Ina kallonta a ɗakin jarrabawa, yara na sake duba amsoshinsu, ita tana ta guga tana hure takarda."

"To Malama, tunda kin gani da idonki..."

"Na gani. Amma ba a ba ni ikon ba wa abin da aka goge maki ba. In na ɗaga tata a taga sai na ɗaga ta kowa. Kuma sakamakon ya riga ya bar hannuna." Ta koma kujera ta zube, ta cire tabarau tana murza ido. "Na faɗa a aji har muryata ta dishe, kada wanda ya goge aikinsa. Sai 'yarka ta ce mini to, gobe kuma ta kawo mini shi a goge. Ni dai ina so in san wanda ya koya mata wannan hali."

Tela ya sani. A shagonsa doka ɗaya ce ba ta da sassauci: mai kaya ba ya ganin alli. Duk layin da aka ja a jikin yadi kafin a yanka, sai an bi shi da buroshi, duk zaren da ya leƙo sai an tsinke shi. Wanda ya bar alli a riga, in ji shi, ya nuna wa duniya cewa koyo yake. Auta a kan wannan ta tashi, ita ce mai buroshin tun hannunta bai iya riƙe almakashi ba. Da ta fara kawo aikin makaranta gida kuwa, shi da bai san kan lambobin ba sai ya duba abin da ya sani. In ya ga shafi da soke-soke ya ce ƙazanta ce, a sake. In ya ga shi fes ya dafa kanta ya ce, "Yawwa, 'yar gidana." Magogin fensir kuwa bai taɓa bari ya ƙare mata ba.

"Halin yara ne, Malama," ya ce, muryarsa a ƙasa.

Ta dube shi ta saman takardu. "In wani ya janye ya bar gurbi zan tuna da ita. Ban yi maka alkawari ba, ka ji ko?"

Ya ce ya ji, ya yi godiya. Kafin ya kai ƙofa har ta jawo wata takardar.

Da ya dawo ya tarar da shagon a buɗe. Auta ce a ciki, mamanta ta turo ta don kada ta yini a ɗaki. Idanunta sun kumbura. Ta shimfiɗa wata riga a kan tebur tana bin ɗinkin da buroshi, a hankali, layi bayan layi.

"Sannu da dawowa, Baba." Ba ta daina ba. Sai can ta ce, "Me Malama ta ce?"

Ya zauna a kan kujerar keken ɗinki, ya rasa ta inda zai fara. Abin da ya fi sauƙi shi ya fara fita.

"Ta ce duk ajin babu takardar da ta kai taki tsabta."

Fuskarta ta ɗan washe, karon farko tun jiya. Ta ɗago ta dube shi, ta ɗan sunkuyo da kai yadda ta saba, tana jiran hannunsa.

Ya miƙa hannun, ya karɓe buroshin.

"Baba, ban gama ba. Akwai sauran alli a wuyan."

"Na gani," ya ce. "Bar shi. Jawo kujera ki zauna, akwai sauran maganar."