Sandar Inna da Akwatin Tururi

Tun da Inna ta zame a bakin banɗaki, ba ta ƙara taka tsakar gida ba. Ƙashin da ya karye ya haɗe, likita ma ya ce ta riƙa motsawa, amma tsoro ya riga ya sauka mata a gwiwa. Aka kawo sandar ƙarfe, ta kau da kai, wai sanyinta har cikin ɓargo. Ɗanta, kafinta ne, yana kallon ƙafafunta suna ta ramewa a kan katifa. Ya san idan aka ja lokaci, shi ke nan, ba za ta sake miƙewa ba.

Sai ya ce zai yi mata ta itace, mai lanƙwasasshen kai daidai tafin hannunta. To, itace ba ya lanƙwasuwa sai ya sha tururi, shi kuwa bawan Allah ƙofa da benci ya saba yi.

Ya tattara ragowar katako ya buga akwati dogo siriri, da 'yar ƙofa a baki ɗaya. Ya gitta ƙananan itatuwa a ciki don kada sandar ta kwanta cikin ruwa, ya huda ƙasan inda ruwan zai ɗiga, ya ɗan karkata akwatin a kan bulo. Matarsa ta ba da tsohuwar tukunya. Ya huda murfinta, ya zura tiyo daga nan zuwa cikin akwatin, ya cusa tsumma duk inda yake yoyo. A ƙarƙashin tagar Inna ya yi aikin, don nan ce inuwa.

"Maigida, maciji za ka kiwata ne?" in ji matar.

"Ke dai hura wuta."

Sandar farko ta tsage yana fara lanƙwasa ta. Ta biyu ma haka. Kafinta kuwa, Allah ya sani, ba ya yarda da aiki sai ya taɓa shi da hannu. Jim kaɗan sai ya buɗe ƙofar ya latsa itacen, tururin ya fice, ya rufe, a koma farko.

Ashe Inna tana jin ƙarar 'yar ƙofar daga kwance.

"Wane ne ke buɗe tukunya haka kamar mayunwaci?"

"Ni ne, Inna. Dubawa nake."

"Dubawa! 'Yar nan, hana shi."

"Inna, ni na isa?" in ji matar.

Ya sa ta uku, ya yi ta zagaye yana goge gumi. Haƙurin ya ƙare, hannunsa ya sake kaiwa ga ƙofar. Sai suka ji labule ya motsa.

Ga Inna a tsaye bakin ɗaki, ta dafa bango da hannu biyu. Matar ta zabura za ta tare ta, ya girgiza mata kai. Haka Inna ta biyo bangon, tana ja tana hutawa, tana mita ƙasa-ƙasa.

"Jawo min kujera nan," ta ce.

Ta zauna daf da ƙofar akwatin, tana haki. "To, in ka isa, zo ka ɗaga ni."

Ya tsuguna can gefe, ya sunkuyar da kai, yana share ido wai hayaƙi ne. Suka yi zaman jira mai tsawo. Tukunya na tafasa, ruwa na ɗiga, rana ta sauko kan ƙafafun Inna, ba ta janye su ba.

Can ta shaƙi ƙamshin itacen ta ce, "Yanzu."

Ya zaro sandar da tsumma, ya ɗora kanta a jikin guntun kututturen da ya kafe kan teburin aiki. Matar ta danne, shi ya ja da sauri tun ba ta huce ba. Itacen ya ɗan yi ƙara, sannan ya bi. Suka ɗaure da igiya tamau.

"Saura ta bushe, Inna. Idan aka kwance da wuri, miƙewa za ta yi."

Ta harare shi, ta gyara zama.

"Ka ce gobe ma sai na fito. Ai na san halinka."