Gyaɗar Iya Kulu a Filin Gudu

Malama Yuko ta zo mana daga Japan a tsakiyar rani, malamar sa-kai, aka turo ta firamaren ƙauyenmu da ke gefen Kunci. Ni Juwairiyya aka ɗora wa kula da ita, don ajinmu na jikin juna. Kullum da safe ta sha koko da ƙosai, ta yafa gyale, ta hau kekenta, kuma duk wanda ta gamu da shi sai ta sauka ta rusuna masa. Tafiyar minti biyar takan ci mata rabin awa.

Tun zuwanta ta ƙyalla ido ta ga filin bayan makaranta, fayau ba ko ciyawa. Ta auna shi da igiya, ta ce nan za a yi ranar wasanni kafin ta koma gida. Hedimasta Malam Badaru ya ce madalla, aka sa Alhamis ɗin ƙarshe kafin tafiyarta a watan Oktoba.

Ba wanda ya tuna ya faɗa mata cewa a nan ba a barin ƙasa haka nan da damina. Wata Litinin ta zo ta tarar an ja kunyoyi a filinta, an shuka gyaɗa. Ta Iya Kulu ce, tsohuwar da ke share mana ajujuwa, shekara goma tana noma wurin. Hedimasta ya ce wa Malama Yuko ta kwantar da hankalinta, kafin ranar an cire. Yara suka ci gaba da atisaye a bakin hanya, har da 'yan matan da ba su taɓa gudu a gaban mutane ba.

To ruwa ya yi jinkiri, gyaɗa ba ta ƙosa ba sai ana saura kwana biyu. Iya Kulu ita kaɗai kuwa sai ta yi mako biyu tana cira.

“Sai a bari sai baɗi,” in ji hedimasta, yana hamma.

Raina ya ɓaci matuƙa. Baɗi wa zai ga Malama Yuko? Ita dai sai ninke takardar tsarinta take yi, idonta ya ciko. Na wuce kai tsaye wurin tsohuwa.

“Iya, in muka kawo miki gayya fa?”

“Gayyar yara? Su bar min rabi a ƙasa?”

“Ai ke za ki yi alƙalanci.”

Ta ce, “To wallahi ba zan raga wa kowa ba.”

Ranar Alhamis wasan farko ya zama cirar gyaɗa. Muka raba yara gida huɗu, kowane da launin ƙyallensa da kunya goma. Iya Kulu na bin bayansu da sanda tana tono. 'Yan jan ƙyalle suka riga kowa gamawa, suna cikin tsalle ta ɗago hannu cike da gyaɗar da suka bari, ta kora su farkon kunya. Iyaye suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Malama Yuko ma ta tuɓe takalmi ta shiga, ta ja wani tushe da ƙarfi, ta zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar ba.

Kafin azahar an tara gyaɗa a gindin darbejiya, magidanta sun baje kunyoyin da garma. Malama Yuko ta ja layuka da toka, 'yan mata takwas suka jeru, kowace ta ɗaure hijabinta a ƙugu.

Ta kai usur baki, sai kuka ya ci ƙarfinta. Sau biyu tana gwadawa, iska kawai ke fita.

Iya Kulu ta matso ta karɓe usur ɗin. “Kawo nan, 'yar nan, kar yara su bushe a rana.”

Ta hura da iyakar ƙarfinta, yaran suka zuba da gudu.