Wa'adin Maƙabartar Kan Tudu

Ni dai ban taɓa ganin shekara mai yawan sanarwa irin waccan ba. A Fabrairu aka ce kar a tofar da yawu a titi. A Afrilu aka kwashe masu abinci daga bakin hanya, aka jera su a rumfuna. Kafin tsakiyar shekara an rushe unguwarmu, an ɗora ni da Ma, mahaifiyata, a hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene, kajinmu kuwa sai tukunya. Kullum rediyo na cewa Singafo ta ci gaba. To madalla, amma ni a jikina na ji ci gaban.

Sai a Satumba takarda ta zo: za a gina gidaje a maƙabartar kan tudu. Kowa ya tono mamacinsa kafin ƙarshen Disamba. Wanda ba a nema ba, za a ƙone shi tare da sauran, a watsa tokar a teku.

Babana yana can. Da ya rasu ba mu da halin sa dutse mai suna, katako aka kafa, gara ta cinye shi tuntuni. Amma ba mu taɓa ɓata ba. Duk shekara a watan sharar kaburbura mukan sauka a teburin mai kofi, mu bi hanyar da ta lanƙwasa hagu, mu ƙirga kabari uku daga bishiyar mangwaro. Shekara goma sha tara muna haka, ba wanda ya yi tunanin rubuta komai.

Ranar da muka je, babu mai kofi, an miƙe hanyar, katafila ta tumɓuke mangwaron har saiwa. Tudun ya zama jar ƙasa fetal. Muka nufi ofis.

"Lambar kabari?" in ji malamin, bai ko ɗago kai ba.

"Lamba?" in ji Ma. "Mijina ne fa, ba keke ba."

Kwana shida nake yi a masana'antar haɗa rediyo, Lahadi kuma mu hau tudu muna cacar baki. In na ce, "Ma, nan ne," ta ce, "Siew Geok, kin fi ni sanin mijina ne?" Na gaji, gajiyar da ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa. A Lahadin ƙarshe ta nuna wani kabari ta ce ta tabbata. Muka kira Kawu Tiong, tsohon da ke tonon ƙasusuwa, wanda tun Satumba bayansa bai miƙe ba.

Ya tona har ya cimma akwatin da ya ruɓe. Ma ta buɗe baƙar lema a kan ramin, don bai kamata rana ta taɓa ƙashin mamaci ba. Yana ɗauko ƙasusuwan ɗaya-ɗaya, zai wanke da giyar shinkafa. Da ya zo kan hannu sai ya tsaya cak.

"'Yar'uwa," ya ce wa Ma, "mijinki yana sa awarwaro?"

Ya ɗago shi, na koren dutse ne, siriri. Mace ce.

Nan na fashe. Na ce a tona na gefe, a tona na bayansa, a tone tudun duka! Kuka nake yi kamar ƙaramar yarinya, ga haushin Ma, ga haushin kaina.

"'Yata, dubi tudun nan," in ji Kawu Tiong. "Gobe za a ja waya a rufe wurin. Kuma mutum biyu suna jirana kafin rana ta faɗi. In mayar da ita?"

Ma ba ta sauke lemar ba. Ta daɗe tana kallon ramin.

"Wanke ta," ta ce.

"Haba Ma! Ba mu ma san ta ba!"

"Wata uku ba wanda ya zo nemanta. Za mu kai ta gurbin ajiye ƙasusuwa da muka tanadar wa babanki a haikali."

"To Baba fa?"

"Babanki shekara talatin yana tuƙa kwalekwalen kaya, teku ba baƙonsa ba ne. Wannan kuwa ban ga alamar ta iya ruwa ba." Ta miƙo mini lemar. "Ungo, hannuna ya gaji. Matso da ita, rana na taɓa mata ƙafa."

Na karɓa, na matsa.