Ƙodar Nafisatu

Baba Manzo wanzami ya jera ƙahonni uku a kan tabarma, ya zaro aska yana goga ta a tafin hannu. Latifu na zaune gabansa ba riga. Bayansa duk ɗige-ɗigen ja ne, ga tabo baƙi-baƙi a damatsa kamar wanda aka yi wa dukan sanda. Bai daɗe da dawowa Malanville daga Tunus ba, inda aka dasa masa ƙodar yayarsa Nafisatu.

"Mataccen jini ne," in ji Khamis, babban wansu. "Tun can na faɗi, ƙodar mace ba ta riƙe namiji. A fidda shi a huta."

Nafisatu na tsaye bakin zaure. Maganar nan ta riga ta zaga gida, ta kai har rumfunan albasa a kasuwa. Babu mai tuna cewa Khamis aka fara gwadawa, likitoci suka ce hawan jini ya hana shi bayarwa, sannan aka gwada ta aka ga ita ta dace. Ran nan ya fita daga asibitin bai dubi kowa ba.

Ta tako ta durƙusa gefen tabarmar.

"Baba Manzo, don Allah dakata. Yau da safe asuwaki kaɗai ya yi, jini bai bar bakinsa ba har rana ta ɗaga. In icce ya yi haka, ina ga aska?"

"Yaushe kinka zama lokotoron asibiti?" Khamis ya ce. "Ke da kinka ba shi ciwon."

"Yaya, kana wurin sa'ad da anka ce muna in mun ga jini ko tabo mu koma asibiti." Muryarta ta yi ƙasa. "In anka tsaga shi jini ya ƙi tsayawa, da ƙodata za ku kai shi kushewa."

Latifu ya ɗago a hankali.

"Ni dai abin da Yaya Nafi ta ce," ya faɗa.

Baba Manzo ya kama haɓarsa, ya sa ya buɗe baki, ya daɗe yana kallon dasashin. Sai ya mayar da aska cikin zabira.

"Khamis, ni fidda jini na gada wurin tsohona, ban gadi tsaida shi ba. Ku tafi ku dawo. Ƙaho ba tumatir ba ne, ba ya ruɓewa."

*

A asibitin birnin Parakou aka ɗebi jinin Latifu. Likitar, wata mace mai tabarau, ta zaunar da su ukun.

"Cikin jini akwai ƙananan ƙwayoyi masu toshe rauni," ta ce. "Nasa sun ragu ƙwarai. Yakan faru bayan dashe. Muna ganin ɗaya daga magungunan da yake sha ne ya jawo. Zai kwana nan, mu yi magana da waɗanda suka yi masa aiki, a gyara maganin."

Khamis ya gyara hula. "To, ita ƙodar fa?"

"Tana aiki kamar da ita aka haife shi. Wa ya ba shi?"

Latifu ne ya nuna Nafisatu da hannu.

"Da an yi mishi ƙaho fa?" Khamis ya sake tambaya, idonsa a ƙasa.

Likitar ta cire tabarau ta dube shi. "Hanyar nan da nisa, malam. Ban sani ba ko da kun iso da shi."

*

Kafin albasar bana ta shigo kasuwa, tabon ya dushe. Latifu ya koma shagonsa, yana cin tuwo yana neman ƙari. A rumfuna har yanzu akwai matan da kan rage murya in Nafisatu ta gifta, don labarin likita bai yi gudu kamar na farko ba. Khamis kuwa bai taɓa tayar da maganar ba.

Wata safiya Nafisatu ta cika bokiti a famfo, ta dafa gefen cikinta inda ɗinkin yake kafin ta sunkuya. Wani hannu ya riga ta kama mariƙin.

"An ce ki rage ɗaukar nauyi," in ji Khamis, bai kalle ta ba.

Ta tsaya tana kallonsa. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ruwa a gidan nan ba yana tangaɗi da bokiti zuwa randa, rabin ruwan na zuba a kan rigarsa ta Juma'a.