Harsasan Royce na Ƙarshe

Sati uku da binne Royce Tuckwell, matarsa Darlene ta kira yayansa Virgil a waya, ta ce ya zo ya duba gareji. Virgil ya ɗauki motarsa ya gangaro daga gonarsa ta bakin kogi, a lokacin sanyin Idaho ya fara kama ganyaye suna zuba.

A kan teburin aikin ƙanensa ya tarar da gwangwanin kofi cike da harsasan dalma, guda ɗari da ashirin, farare tas, ba a yi musu fenti ba. Royce ya zuba su da hannunsa, ya tsunduma su cikin ruwan sanyi don su yi tauri, sannan ciwon zuciya ya kwantar da shi.

"Janelle ce ke son su," in ji Darlene. Janelle 'yarta ce da Royce, malamar jinya a birni. "Ta ce bana da bindigar babanta za ta fita farautar barewa, kuma da harsashinsa. Ni ban iya yi musu fenti in gasa su a tanda don ya kama ba, Yaya."

"Wannan ai ba aiki ba ne," Virgil ya ce. "Shekara goma sha biyar ina yi."

Ya zuba arba'in a robar garin fenti, ya girgiza har suka yi ja, ya jera su a faranti. Sai ya lura maɓallin ƙaramar tandar lantarkin Royce yana kan digiri ɗari uku da ashirin da biyar, an ma liƙa masa salatif. Ya yi tsaki ya ɓare. A kan wannan magana shi da Royce suka sha musu, a gaban mutane da bayan idonsu. Kowa a ƙungiyarsu ta maharba ɗari huɗu yake sawa, minti ashirin. Royce kaɗai ke cewa zafin yana kashe taurin dalma, Virgil kuwa yana kiransa mai dafa wake da kyandir.

Ya murɗa zuwa ɗari huɗu, ya shiga gida shan kofi.

Da ya dawo, na layin baya sun zauna, gindinsu ya baje kamar man shanu a rana. Tsohuwar tandar tana wuce abin da aka sa mata, shi kuwa bai sani ba. Ya ɗauki ɗaya daga na gaba, waɗanda ba su lanƙwashe ba, ya danna farce, farcen ya shiga. Ya daɗe a tsaye da farantin a hannu.

Darlene ta shigo ta gani. Ba ta yi faɗa ba.

"Nawa suka rage?"

"Tamanin."

"Kai ka cire salatif ɗin?"

"Ni ne."

Ta zauna a kan kujerar Royce. "Ranar da ya liƙa shi ya ce min, wannan saboda Virgil ne, in ya zo sai ya taɓa. Dariya yake yi lokacin."

Virgil ya ajiye farantin. Can ya ce, "Minti nawa yake ba su?"

"Ban ƙirga ba. Na dai san yana sa su, ya shigo mu ci abincin rana, ya wanke kwanuka, sannan ya je ya kashe."

Washegari Virgil ya dawo da ma'aunin zafi nasa. Bai taɓa harsasan Royce ba tukuna. Da nasa harsasan ya yi gwaji a kan digirin da Royce yake sawa, biyar-biyar, kwana uku yana abu ɗaya. A minti ashirin da biyar fentin ya ɓare da ya buga da guduma. A minti arba'in ya daka ɗaya har ya zama faifai, fentin yana manne, ya goga da tsumma bai bar ja ba, farce kuma bai shiga dalmar ba. Ya sake, haka ya fito.

Sannan ya gasa tamanin ɗin, ashirin-ashirin, yana zaune a gaban tandar idonsa a kan ma'auni. Darlene ta kawo masa gurasar masara ya ce ta ajiye.

"Yaya, ba gudu za su yi ba."

"Bar ni dai."

Ranar Asabar Janelle ta iso. Suka je bayan gona ta harba biyar a allo, duk suka taru wuri ɗaya. Virgil ya gaya mata abin da ya faru da arba'in ɗin, bai rage komai ba. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Baffa, tamanin sun ishe ni shekaru."

Kwana huɗu suka yi a kan dutse ba su ga komai ba sai sawu. A rana ta biyar da hantsi ta samu namijin barewa da harbi ɗaya. Gwiwoyin Virgil ba sa son gangara, amma shi ya kama ƙahon, ita ta kama ƙafafu, suka jawo shi har bakin mota suna hutawa a hanya.