Kunnen Kamfanin Bayan Shago

Sunan kamfaninmu na waƙa Bayan Shago, kuma a bayan shago yake ɗin. Babana mai gyaran rediyo ne. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan shagonsa inda yake jibge rediyoyin da masu su suka manta da su. Wata rana ya kwashe su, ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya rataya tsofaffin barguna a ƙofa, ya ce daga yau nan ne situdiyo. Lokacin ina goye, amma na ji labarin har na haddace.

Mawaƙiyarsa ta farko tela ce a shagon da ke jikin namu. Ta bango yake jin muryarta tana bin ƙarar keken ɗinki, shi ya sa mata suna Tsuntsuwa, ni kuwa Gwaggo nake ce mata. Daga baya aka samu Baba Tsawa, direban babbar mota da ke kaɗa ganga kamar yana da tsohuwar gaba da ita, sai Dogo mai aski da jitarsa. Manyan kamfanoni sun ƙi su duka. Babana ya ɗauke su, yana kwafar kaset da injina biyu, marigayiya mahaifiyata tana yanka bangon kaset da almakashin Gwaggo.

Ni ma ina da aikina tun ban iya tafiya ba. Waƙa ba ta fita daga ɗakin nan sai an gwada ta a kaina. Za a ajiye ni a kan wani jan matashi gaban babbar lasifika, Baba ya murɗa sauti har barguna su motsa. Da na ɗan tasa, sai aka lura ina karkata kai wajen lasifikar, kamar mai son kama wani abu can ciki. Da zarar na karkata, sai Baba ya tafa ya ce, "Kunne ta karɓa!" Sunan ya bi ni har yau. Hoton da ke jikin kowane kaset namu ma ni ce: yarinya zaune, kai a karkace.

Zamanin kaset ya wuce, na faifai ma ya bi shi. Dogo ya rasu. Ɗakin ya koma ma'ajiyar matattun wayoyi. Sai bara matasa suka tono tsofaffin waƙoƙinmu suna ta yaɗawa a waya, har suna zuwa ɗaukar hoto a ƙofar shago. Baba ya share ɗakin, ya kira Gwaggo da Baba Tsawa, suka yi sabuwar waƙa. Ranar da suka gama haɗa ta ya aiko a ce in zo da hantsi, in taho da jaririyata.

Na san dalilin kiran, kuma tun a hanya na gama yanke shawarata.

Abin da Baba bai sani ba shi ne, ranar da na kai jaririyar tawa, Mitsitsiya, asibiti aka duba mata kunne, malamar da ta duba ta ta tsaya tana kallona. Ta ce me ya sa nake juyo mata da gefe ɗaya in tana magana? Na ce haka nake tun ina ƙarama. Ta sa mini wani abu a kunne, ta gwada, ta ce na hagu ya daɗe da yin nauyi, kaɗan yake ji. Ta tambaye ni ko kusa da injin niƙa na tashi. Na ce a'a, gaban lasifika. Ta ce ba za ta rantse shi ne ba, amma ƙara tana yin haka, kuma kunnen jariri ba ya ɗaukar abin da na babba yake ɗauka. Ban faɗa wa Baba ba, tunda ba abin da zai gyara. Amma na 'yata lafiyarsu ƙalau, kuma haka nake so su zauna.

Da na shiga shagon na tarar da shi sanye da farar rigarsa ta fita.

"Ina amaryata?" in ji shi, yana leƙa bayana. "Kwanto mini ita. Kullum ki ɓoye mini mata, kishi kike yi?"

"Amaryarka ta ce sai ka aske gemu, Baba."

"Ƙarya kike mata, gemun ta gani ta so."

Ya karɓe ta ya shige ɗakin da ita, na bi shi a guje. Gwaggo na zaune a kujera tana gyara ɗankwali, Baba Tsawa na jingine da bango. A ƙasa kuwa, gaban lasifikar, ga jan matashin nan. An wanke shi, an ɗinke inda ya yage.

"Ni na ɗinke," in ji Gwaggo. "Kunne ta yi ritaya, ga magajiya."

Na miƙa hannu na karɓe 'yata kafin ya sunkuya.

"Baba, ba za ta zauna a nan ba."

"Ƙasa ce ba ki so? A kawo tabarma."

"Lasifikar ce ba na so."

Baba Tsawa ya kama kunnensa da hannu. "Me ta ce?"

"Ta ce gangarka ta yi yawa!" Gwaggo ta daka masa tsawa.

"Ai ba ta ma ji ba tukuna!"

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ke Kunne, wannan ba wasa ba ne. Tun da muka fara, waƙa ba ta taɓa fita ba tare da ɗan gida ya karɓa ba. Waƙar keken ɗinki da ta ɗaga mu, ke kika karɓe ta. Na gaya wa yaran nan gobe za su ji sabuwa. Minti nawa ne? Ke da kika yi shekaru a kai, me ya same ki?"

Na so in bar maganar a cikina, amma shi ya tambaya. Na miƙa wa Gwaggo jaririyar.

"Baba, zo ka tsaya ta nan, hagu da ni. Zan toshe na dama. Ka faɗa mini wata magana a hankali."

"Wane irin wasa ne wannan kuma?"

"Yi dai, don Allah."

Ya zo ya tsaya. Na danna yatsa a kunnen dama, na kalli bango. Na ji ɗumin numfashinsa a kumatuna, da wani gunji can nesa kamar mota ta wuce a wani layin. Na jira. Da na juyo, bakinsa na motsi har yanzu.

"Ban ji ba, Baba."

"Sau nawa ya faɗa," in ji Gwaggo, muryarta ta yi ƙasa. "Cewa yake kin karya kuwa?"

Na gaya musu abin da malamar asibiti ta ce, ban ƙara ba ban rage ba, har da cewa ba ta rantse ba. Na ce, "Karkata kan da nake yi, mai jin nake juyowa. Kowace waƙa kuka sa sai na karkata, mai daɗi da mara daɗi."

Baba ya ɗaga kai ya dubi hotona na jikin kaset da ke saman ƙofa, wanda ya sa aka zana da fenti tun ina ƙarama. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a kan akwatin kayan aiki, farar rigar ta kwashi ƙura bai kula ba.

"Ni na ɗora ki a wurin," in ji shi. "Da hannuna."

"Ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba sai bana."

"To a bar waƙar. A kira yaran a ce an fasa."

"Wa ya ce a fasa? Ni ban zo kashe muku al'ada ba, Baba, kunnen 'yata na zo tsarewa. Za ta ji waƙar. Amma a shago za ta ji, a ƙaramar rediyon kan teburinka, kuma ni zan riƙe maɓallin."

"Wannan rediyon cinye ganga take yi," in ji Baba Tsawa, wanda ya ji wannan sarai.

"Ta cinye, Baba Tsawa," na ce, "akwai saura da yawa."

Gwaggo ta kwashe da dariya har Mitsitsiya ta zabura. Baba ya miƙe, ya jawo waya daga injin zuwa shago, ya haɗa da rediyon. Bai kuskure rami ba. Muka fito duka, na zauna a benci da 'yata a cinya, na sa sautin daidai yadda mutum zai yi hira da na kusa da shi.

Waƙar ta fara. Mai daɗi ce, a kan Dogo suka yi ta, da kujerar askinsa da ba wanda ya sake zama a kai. Tsofaffin nan suka zuba wa yarinya ido. Ita kuwa ta kama bakin mayafina ta sa a baki tana tsotsa. Baiti ya wuce, amshi ya wuce, ko ɗaga ido ba ta yi ba.

"A ɗan ƙara," in ji Baba Tsawa. "Kaɗan dai."

Na dafe maɓallin da tafin hannu. "Ko ɗigo."

Waƙar ta ƙare. Ana jiyo ƙarar babura a titi. Baba ya sunkuyar da kai.

Sai Gwaggo ta ja tsaki. "Ku dai da injinanku. Ni da aka ɗauke ni aiki, ta bango aka ji ni." Ta durƙusa a gabana, gwiwoyinta na ƙara, ta fara amshin da bakinta, a hankali, kamar yadda take yi in tana zura zare a allura. Baba Tsawa ya rasa abin yi da hannunsa, ya shiga taɓa gefen benci da yatsu biyu. Tun da nake ban taɓa jin ya kaɗa abu da sauƙi haka ba.

Mitsitsiya ta saki mayafin. Ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, ta ƙura wa bakin Gwaggo ido, ta miƙa hannu ta damƙi ɗankwalinta, tana harba ƙafa.

Baba ya matso yana leƙe, hannayensa a buɗe, yana jiran abin da ya saba gani.

"Ba za ta karkata ba, Baba," na ce. "Duka biyun suna ji."

Ya dube ta, ya dube ni. Ya haɗa tafukansa a hankali, ko ƙara ba su yi ba.

"Ta karɓa," in ji shi. Ya juya ga Baba Tsawa. "Amma wannan ta karɓa, ba waccan ba. Sake ɗauka za mu yi, kuma da yatsu biyu za ka kaɗa."

"Ni? Yatsu biyu? Sai ka canza mini suna!"

"Mun canza," in ji Gwaggo tana miƙewa da kyar. "Daga yau Yayyafi."

Suka shige ciki suna musu. Baba ya dawo da jan matashin, ya tura mini shi a baya in jingina. Ya nuna wajen hoton saman ƙofa da haɓa, ya ce ko a sa mai fenti ya miƙar da kan yarinyar. Na ce a bar shi, ni ce, kuma haka kaina yake.

Ya yi kamar zai koma ɗakin, sai ya tsaya. Ya zagayo ta bayan bencin ya dawo dama da ni, ya sunkuyo.

"Na ce kin karya kuwa?"